Na biya kuɗi anka auna iskar shagona a Mabera, ga yadda aikin yak kasance

Shekara biyu kenan ina da wani ɗan wurin koyar da kwamfuta a Mabera, ba wani babba ba ne, ɗaki ɗaya ne mai faɗi da ɗan ofis a gefe, gidana kuma yana baya katanga ɗaya ta raba mu. In lokacin JAMB ya matso yara na cika wurin maƙil don su koyi yadda ake amsa jarabawa a kwamfuta, zama ɗaya mutum 24 ga malami na 25. Duk wanda ya san Sakkwato ya san mi ake ciki daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40 kamar wasa, to bara sai na daure na sa esi guda biyu, na kira mai almuniyom ya liƙe duk wata kafa a tagogi, har ƙasan ƙofa sai da anka sa roba don kada sanyi ya zurare. Ni a ganina na gama kyautata ma yara, har ina sa shi a talla, ɗaki mai sanyi.

To sai me, bana tun farkon zama malamin namu ke ce min Alhaji yaran ga in anka yi kamar awa ɗaya sai hamma, wasu su kifa kai kan tebur, shi kanshi in ya fito sai ya nemi maganin ciwon kai. Nic ce mai ƙyale su, chatin suke kwana yi a waya shi ya sa. Sai da wata yarinya ta fita ta yi amai a bakin ƙofa, uwarta taz zo tana min faɗa, sannan na fara tunanin anya. Wani abokina da ke aikin gini shi yac ce akwai wani injiniya da ke duba iskar gine-gine, ya yi ma wani asibitin kuɗi aiki, in kira shi. Gaskiya dariya na fara yi, wai auna iska, iskar da Allah ya hore kyauta ita za a biya kuɗi a auna. Ba zan faɗi sunanshi ba don akwai inda zan yabe shi akwai inda zan ɗan taɓa shi, kuma ban nemi izninshi ba.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don kada a ce talla nike mai. Munka yi da shi ƙarfe 9 na safe ranar Asabar, bai iso ba sai wajen 11 da rabi, ba waya ba saƙo, in na kira sai ya ce gani nan Gawon Nama, bayan rabin awa gani nan dai Gawon Nama, kamar an kafe shi a shataletalen. Ni kuma na riƙe yaran zaman safe don ya ce yana son ya samu ɗakin da mutane a ciki, sai da na saya musu ruwan leda da biskit. Kuɗin aiki yac ce dubu 50, munka ja munka ja ya tsaya a 40, ya haɗa da gidana na baya. A lokacin na ji zafin kuɗin ƙwarai.

Amma da yaz zo ya fara aiki sai na ga mutumin ya san abin da yake yi. Ƴar jaka ce kawai ya zo da ita, ciki akwai mita uku ko huɗu, tef na awo, da wata ƴar na'ura mai ƙaramar fanka a kai wadda ke auna gudun iska, sai kuma abin da ya ba ni mamaki, fakitin turaren tsinke irin na kanti. Yac ce a fitar da kowa a buɗe ƙofa minti 15, yaf fita tsakar fili ya nuna min mitar, tana nuna 430 da wani abu. Yac ce Alhaji wannan ita ce iskar kabon dayoksaid, CO2, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, a waje ko ina a duniya yanzu tana wajen 420 ppm ne, wato kashi 420 cikin miliyan, amma wadda ke fita daga bakin mutum ta kai kusan 40,000. Don haka in ka rufe mutane a ɗaki lambar nan ita ke gaya maka nawa ne daga iskar da kake shaƙa ta riga ta shiga ƙirjin wani ta fito. Wallahi wagga magana ta tsaya min a rai, har yanzu in na shiga mota cike da mutane gilashi a rufe sai na tuna ta.

Sai anka maido yara anka kunna esi anka rufe ƙofa kamar yadda muka saba, ya ɗora mitar kan tebur a tsakiya nesa da bakin kowa, munka zauna muna kallo. Minti 10 ta wuce 1,000, yac ce daga nan ne masana ke cewa iska ta fara ƙaranci, ba wai 1,000 guba ce ba, alama ce dai ta cewa sabuwar iska ba ta shigowa yadda ya kamata. Rabin awa ta wuce 2,200. Kafin mu cika minti 50 tana 3,100 kuma hawa take, ga ɗaki da sanyi mai daɗi, ga fankar sama tana juyawa, ga yaro na baya ya fara gyangyaɗi a gabanmu kamar an shirya. Nic ce Injiniya to esin fa, mi yake yi? Yay yi dariya yac ce esin bango irin wanga ba ya kawo iskar waje ko cokali ɗaya, ta cikin ɗakin yake ja ya sanyaya ya maido, bututun da ka ga ya fita waje gas ne ke bi ta ciki da wayar wuta da na zubar ruwa. Fanka kuma juya ta kawai take kamar mai dama fura. Ni shekarata arba'in da ɗori, na sayi esi da kuɗina, ban taɓa sanin haka ba, kuma na tabbata da yawa cikin masu ofis da shaguna a titin Emir Yahaya da Ahmadu Bello ba su sani ba, sanyi daban iska daban.

Daga nan yad ɗauko tef. Ɗakin mita 7 ne da mita 5, wato murabba'in mita 35, tsayin sili mita 3, iskar da ke ciki gaba ɗaya kubik mita 105. Ya lissafa min a bayan takardar rasit, yac ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021 lokacin korona ita ce kowane mutum a irin wannan wurin ya samu lita 10 ta sabuwar iska a daƙiƙa ɗaya, mutum 25 kenan lita 250 a daƙiƙa, kubik mita 900 a awa, ma'ana iskar ɗakin ta canza kusan sau takwas da rabi duk awa. Mu kuma mun liƙe ko ina da roba. Ya ambaci wata ƙa'ida ta injiniyoyin Amurka ASHRAE 62.1 da yac ce da ita masu zana manyan gine-gine ke lissafi, da kuma kundin dokokin gini na Najeriya na 2006, amma wadda na fi riƙewa don ta fi sauƙi ita ce ta Ingila, cewa wurin da ke buɗuwa a taga ya kai kashi ɗaya cikin 20 na faɗin daɓen ɗaki. Na ɗakina ya kamata ya kai murabba'in mita 1.75. Tagogina biyu ne masu zugewa, kowace 1.2 da 1.2, kuma irin wagga taga rabi kawai ke buɗuwa komi ƙoƙarinka, in ka haɗa biyun 1.44 ne, ga ragar sauro da ƙura ta toshe ta tana ƙara rage iskar, ga su duka a bango ɗaya. Ko da a buɗe suke ba su kai ba. Nan ne yak kunna turaren tsinken ya riƙe a bakin taga, hayaƙin ya miƙe sama abinshi ba ya shiga ba ya fita, yac ce ka gani, iska sai ta samu ƙofar fita take shigowa. Laifina ne kuma, don asalin ginin shago biyu ne da taga a baya, ni na sa birkila ya fasa tsakiya ya toshe ta bayan da bulo don in samu wurin rataya allo, ban koma wurin hukumar tsara birane ba ban tambayi kowa ba.

Inda hankalina ya tashi na gaskiya shi ne da anka ɗauke wuta muna tsaka da aiki, yaron shago ya je ya tada janareta. Injin namu yana wani ɗan lungu ne tsakanin shagon da katangar gida, na yi mai rumfar kwano da ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi, bakin salansarshi bai fi taku uku daga ƴar tagar ofishina ba. Injiniya ya fiddo wata mita daban, cikin minti 20 ofis yana nuna 38, ɗakin yara 14 zuwa 16. Fuskarshi ta canza, yac ce a kashe injin yanzu yanzu. Wannan ba irin ta ɗazu ba ce, kabon monoksaid ce, ba ta da wari ba ta da kala, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sama da sau 200, shi ya sa mutum ke fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in ta yi yawa yana barci sai dai a wayi gari. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na zaman awa 8 wajen 9 ppm ne. Ni kuma a ofishin nan nake kishingiɗa bayan azahar inji na aiki, in tashi kai kamar an sara min gatari in ce zafin gari ne. Duk mun sha jin labarin iyalan da anka tarar a ɗaki ba rai saboda hayaƙin janareta, kullum sai in ɗauka ai waɗanda ke sa shi cikin ɗaki ne, nawa ai waje yake. Yac ce a matsar da shi aƙalla mita 6 daga kowace taga da ƙofa, salansa ta kalli wani gefen. Wanga abu kaɗai ya biya dubu 40 ɗina har da canji.

Gida kuma bai daɗe ba, kuma nan ne na ga ya fara sauri don yana da wani aiki a Arkilla. Kicin ya duba, yac ce ma maman yara Hajiya wannan taga ta yi ƙanƙanta ga mai girki da gas da kurfoti lokaci ɗaya, a sa fankar zuƙo hayaƙi, ta ce ai da hunturu har ɗaki take shiga da kurfotin don yara su ji ɗumi, yac ce don Allah don Annabi ta daina, gawayi a rufaffen ɗaki shi da janareta uwarsu ɗaya. Turaren wuta kuwa da ta zuba a kasko don baƙo, mitar ƙura ta haukace ta wuce 300, alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta sa a 2021 na ƙananan ƙwayoyin nan da ake ce ma PM2.5 shi ne 15 a matsakaicin kwana ɗaya. Ita dai tac ce mai Injiniya komi za ka hana ka hana amma ban da turare, yac ce shi ma uwargidanshi ba ta ji ba, a dai turara a buɗe taga a fita, kada a kwana da shi, haka maganin sauro na kunnawa.

Abin dariya, Inna tana ɗakinta na ginin ƙasa da ta ƙi yarda a rushe tun muna gyaran gida, rufin azara, bango mai kauri, ƴan tagogi biyu ƙanana can sama suna kallon juna, ƙofa da asabari. Ya shiga gaishe ta da mita a hannu, ita da jikoki uku a ciki, mita tana 600 da ƴan kai. Tac ce ɗan nan mi kake nema, yac ce Inna iska nake aunawa, tac ce to ka auna ta waɗancan da sunka rufe kansu cikin firij, ni tawa lafiya lau. Ya bayyana min cewa iska mai zafi sama take hawa ta fice ta ƙananan tagogin nan, sabuwa ta shigo ta ƙofa, magina na da ba su san lita a daƙiƙa ba amma sun san wanga. Mu kuma yanzu sai bulo da kwano da silin roba da taga mai zugewa a manne da katangar maƙwabci, ko rabin mita ba a bari. Ya tuna min da sanƙarau na 2017 da ya taso daga Zamfara ya shigo Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, yadda ma'aikatan lafiya ke ta shela a rediyo a daina cunkoso a ɗaki a bar tagogi a buɗe, don cutar ta numfashi da tari take bi kuma lokacin rani da ƙura ta fi tashi. Da can duba-gari na shiga gida gida suna duba irin haka, Inna ta ce har randa suke leƙawa.

Rahoton da yac ce kwana uku sai da ya yi kwana tara, ya turo ta WhatsApp shafi shida duk da Turanci, Turancin ma irin na injiniyoyi, da na ba maman yara ta karanta sashen kicin sai tac ce in fassara mata. Mutum yana aiki a Sakkwato, da baki ya yi bayani da Hausa tiryan-tiryan har Inna ta gane, mi zai hana ya ƙara shafi ɗaya da Hausa wanda zan miƙa ma birkila da mai wayarin? Sannan a ƙarshen rahoton ya sa jerin kaya da farashi wai a wurinshi za a saya, har da wata na'ura mai shigo da iskar waje tana sanyaya ta da wadda ke fita, kuɗinta ya fi na esina biyu a haɗe. Na'urar gaskiya ce ba damfara ba, amma ga mai shago irina da ke fama da kuɗin mai wannan ba shawara ba ce. Fankokin bango da ya sa ma farashi na same su a babbar kasuwa da ragi mai kyau, iri ɗaya girma ɗaya. Ban ce cuta ba ce, kowa da ribarshi, amma wanda ya zo dubawa in shi ne mai sayarwa dole ka ɗan riƙe aljihunka. Na kuma tambaye shi ko yana da rajista da COREN, hukumar da ke yi ma injiniyoyi rajista a Najeriya, yac ce eh zai turo lamba, har yau ina jira, kuma ban ga wata takarda da ke nuna yaushe anka daidaita mitocin nashi ba, ni dai na yarda da su ne don na ga a waje sun nuna abin da ya dace.

Abin da na yi dai, na fasa bulon bayan nan anka maido taga, wannan karon mai luba na sa wadda ke buɗuwa kusan duka, na sa fankar zuƙo iska inci 12 guda biyu a sama ta bangon baya, anka cire robar ƙasan ƙofa anka yanka ƙofar anka sa raga. Janareta ya koma can ƙarshen fili kusa da bishiyar dogon yaro, na kashe kuɗin waya mai kauri da sabon keji. Zama ɗaya na rage shi zuwa 18, wannan ya fi komi yi min ciwo don kuɗi ne ke fita, kuma duk minti 45 ana tashi a buɗe komi minti biyar. Na sayi ƙararrawar kabon monoksaid guda biyu masu batir, ɗaya ofis ɗaya gida, Injiniya yac ce in duba wadda ke da lambar EN 50291 a jiki kuma in duba ranar ƙarewarta don hancin nata na mutuwa bayan wasu shekaru. Ku sani kuma ba ta kuka da ƙaramin abu, a 50 ppm sai ta yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a 300 ne take ihu cikin minti uku, wato irin 38 ɗin ofishina ba lalle ta ce komi da wuri ba, don haka wadda ke da allo mai nuna lamba ta fi.

Ya dawo ya sake aunawa ba tare da ƙarin kuɗi ba, nan kam na yaba mai, ko da yake ya sake makara da awa ɗaya. Da yara 18 da fankoki a kunne mita ta tsaya tsakanin 950 da 1,100, ta monoksaid sifili ko da inji na aiki. Ya ɗora ƴar takardar tishu a fuskar kowace fanka ya ga ta manne sannan ya yarda suna ja. Malamin namu ya ce hamma ta ragu sosai, ni ma ciwon kan bayan azahar ya tafi.

Amma kada wani ya ɗauka an samu komi kyauta. Ɗakin bai kai sanyin da ba ko kusa, a Afrilu da rana tsaka esi biyu na ta nishi fankoki na kwashe sanyin suna kaiwa waje, wani uba ma yac ce min ina ɗaki mai sanyin da kac ce, na cire shi daga talla. Kuɗin mai ya ƙaru. Ƙura kuma ita ce matsalar da har yanzu ba a warware min ba, don ranar da ya fara zuwa ƙarshen Fabrairu ne akwai sauran hazo, shi da kanshi ya nuna min mitar ƙura a waje ta fi ta cikin ɗaki, to in hunturu ya dawo gadan-gadan iskar da zan jawo ciki da ƙasa za ta zo, ga kwamfuta 24 da ba su son ƙura ga yara masu asma. Yac ce akwai matata da ake sawa a bakin ragar ƙofa, ana cirewa a wanke, zai auna ya kawo min samfur. Sati biyar kenan, na kira shekaranjiya yac ce Alhaji gani nan tafe, ina Gawon Nama.